Asabar cikin marka: duba jirgin da ya daɗe a ajiye

Yau ba a tashi ba. Jirgin Cessna 172P ne mai kujera huɗu da injin Lycoming mai ƙarfin doki 160, kuma tun da damina ta kankama yake tsaye a fili, ba a cikin rumfa ba. Jirgi irin wannan ya fi ban tsoro a kan wanda ake tashi da shi kullum, don ɓarnar zama ba ta nuna kanta daga nesa.

Da mai aka fara, tun da sanyin safiya, kafin kowa ya motsa jirgin. Man waɗannan jirage, 100LL, shuɗi ne, kuma bai kai ruwa nauyi ba: lita ɗaya wajen giram 720 ce. Saboda haka duk ruwan da ya shiga tanki ƙasa yake kwanciya, daidai inda bututu ke jan mai zuwa inji. Ana tsiyayar samfuri a kofi mai haske daga ƙarƙashin kowane fiffike, sannan daga matatar da ke ƙasan inji. Na dama ya fito tas. Na hagu ya zo da ɗigo-ɗigo a gindin kofi, a karo na biyu kuma ruwa ya yi layi sosai a ƙarƙashin shuɗin. Tarkon da ke nan shi ne kofin da ya cika da ruwa zalla, don ba za a ga layi ba, sai mutum ya ɗauka mai ne mai tsabta. Dole a ɗaga shi a gaban farin abu a tabbatar da launi, a kuma shinshina. In ana zargin an gauraya da man manyan jirage, wato Jet A-1, a ɗiga a farar takarda: 100LL yana bushewa ba ya barin komai, wancan kuwa yana barin tabon maiƙo da warin kananzir.

Kofi ya fito tas ba shi ne ƙarshen aiki ba. Sai an girgiza fikafikan, an danna wutsiya ƙasa a hankali, an jira, an sake tsiyaya, don ruwa kan maƙale a lungunan tanki. Da aka hau tsani sai ga dalili: robar murfin tankin hagu ta tsattsage, rana ta cinye ta. Ruwan sama kan taru a kwarin da murfin yake, ya riƙa zurara ciki. Raɓar da ke haɗuwa a tankin da ba a cika ba ita ma tana ƙarawa, amma a ganina ana ɗora mata laifin da ya fi ƙarfinta. Ruwa mai yawa haka kusan kullum daga murfi yake, ko daga duro. Mai saye a duro ya ajiye shi a kwance, bakunan biyu suna gefe da gefe, kada ya tsayar da shi ruwa ya kwanta a kansa. Wajen zubawa a haɗa wayar ƙasa tsakanin duro da jirgi saboda tartsatsi, a kuma ba man kamar minti 15 zuwa 20 ya natsa kafin a ɗebi samfuri.

Abu na biyu zanzaro ne. Bututun pito, wanda ke ƙarƙashin fiffiken hagu yana auna gudun jirgi ta hanyar matsin iska, iska ta yi awon gaba da murfinsa, zanzaro kuwa ya samu ɗaki. Daga waje ba a ganin komai sai an haska tocila. Kada a hura da baki, kada a zura waya: hurawa tana lalata agogon gudu, waya kuma tana tura lakar ciki. Aikin injiniya ne, ya kwance bututun daga bayan agogo, ya huro daga ciki zuwa waje, ya gwada ko iska na zurara, ya sa hannu a littafin jirgi. Idan bakin bututun da ƙaramin ramin tsiyayarsa suka toshe gaba ɗaya, agogon gudu yakan koma nuna tsayi: jirgi na hawa allura na ƙaruwa, matuƙi na ƙara ɗaga hanci yana zaton gudu ya yi yawa, alhali fikafikai na dab da daina ɗaukarsa. Ba ƙananan jirage kaɗai ba. Boeing 757 na kamfanin Birgenair da ya faɗa teku a 1996 bayan tashi daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu, toshewar wannan bututu ce ta jawo, kuma masu bincike sun fi zargin irin wannan ƙwaro. Shi ya sa a gudun tashi ake kallon allurar tun da wuri. In ba ta motsa ba tun kafin noti 55, wato kimanin kilomita 100 a awa inda ake ɗaga hanci, a rufe mai a taka birki.

Tunda an kama zanzaro a wuri ɗaya, an bi sauran ramuka: ɗan ramin iska na gefen hagu na jikin jirgi, wanda agogon tsayi da na gudu ke aiki da shi, da bututun shaƙar tanki da ke bayan sandar fiffiken hagu. Wannan na biyun in ya toshe, mai na fita iska ba ta shiga, sai inji ya shaƙe a sama alhali tanki cike yake. Su lafiya lau. An leƙa cikin murfin inji don sheƙar tsuntsu, babu.

Kan injin ne muka ɗan yi musu da ɗaya daga cikin masu jirgin, dattijo ne. Ya ce ai duk mako yana sa a tayar da shi minti goma. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ɗumamawar ita ke kawo tsatsa." Ƙonewar mai tana haifar da tururin ruwa, wani ya gangara cikin baƙin mai, kuma minti goma a ƙasa ba sa zafafa shi ya ƙone ruwan. Shawarar kamfanin Lycoming ita ce a tashi da jirgin aƙalla awa ɗaya, baƙin mai ya kai digiri 165 zuwa 200 a ma'aunin Faranhait, kada tazara ta wuce kwana 30. In za a daɗe fiye da haka, a zuba man adanawa. Kamshaf na wannan inji, wato sandar da ke buɗe bawul-bawul, a sama yake, shi ke fara bushewa, shi ke fara tsatsa, gyaransa kuwa sai an raba inji biyu. Juya farfela da hannu ma ba taimako ba ne, goge sauran man da ke jikin silinda yake yi. Ga kuma haɗari: in wayar da ke kashe magneto, wato na'urar da ke ba fulogi wuta, ta tsinke, inji na iya kamawa ko da makulli yana aljihu. Baƙin mai ana canza shi duk awa 50 ko wata huɗu, wanda ya riga zuwa, kuma na wannan ya wuce wata huɗu ko da yake bai yi tafiya ba.

Bayan azahar, da aka gama tsiyayar tanki aka canza baƙin mai, an gwada inji a juyi 1,700 a minti. Magneto biyu ne, kuma in an bar inji a kan kowane ɗaya shi kaɗai kada juyi ya sauka fiye da 125, bambancinsu kada ya wuce 50. Ya ci jarrabawa. Da aka ja hannun da ke tura iska mai zafi cikin kafireta, juyi ya ɗan sauka, bai ƙaru daga baya ba, alamar babu ƙanƙara. Mutane na dariya in an ce ƙanƙara a ƙasar zafi, amma iskar da ke ratsa maƙogwaron kafireta tana iya yin sanyi da digiri 20 ko fiye a ma'aunin Selsiyos, kuma danshin Agusta ya ishe ta. Sai dai a ƙasa kada a bar shi a ja, don iskar da yake shigarwa ba ta bi ta matata.

Wajen la'asar hadari ya haɗu daga gabas, kamar yadda ya saba a wannan yanki, sai aka koma ɗauri: makullin sitiyari, katako a gaba da bayan tayoyi, igiya a fikafikai biyu da wutsiya, sabon murfin pito mai jan ƙyalle. An rufe bakin tankin hagu na wucin gadi. Saura robar murfi ta iso, injiniya ya buɗe bututun pito ranar Litinin ya sa hannu, sannan a sake ɗibar samfurin mai bayan ruwan daren nan.