Godiya bayan ruwan Yuli: sarauniyar lambu ta tsira

Alhamdulillahi. Jiya da la'asar muka rataye allo na ƙarshe, kuma daren jiya ne karon farko cikin mako uku da ba wanda ya kwana a lambu. Kun ga rumfar da reshen mangwaro ya danne, kun ga inda ambaliyar ruwan Yuli ta kai a nan Ajah ta Legas, ba sai mun maimaita ba. Cikin tsirran ƙahon barewa 14 da ke rataye a jikin alluna, 11 sun rayu. Wadda muke kira sarauniya a cikinsu, da kowa ke tambaya, tana nan da ranta.

Baba mai gadin gidan da ke kallon lambun ya roƙe mu kada mu ambace shi. Baba, ka yi haƙuri, ba za mu iya ba. Ruwa ya kai gwiwa cikin dare, ya shiga da tocila a baki, ya zare ta daga ƙusa, ya ɗora allon a ka har barandar ɗakinsa. Da ya isa bai kwantar da ita ba, sai ya jingina ta tsaye. Mun tambaye shi wa ya koya masa, ya ce kullum a haka yake ganin ta, sai ya bar ta yadda ta saba. Allah ya saka maka da Aljanna, Baba, ya raya maka zuri'a, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Wannan jinginawar ce ta cece ta, ga dalili. Ƙahon barewa, wadda masana ke kira Platycerium, ba a ƙasa take tsiro ba. A jikin itace take mannewa, amma ba kauci ba ce, ba ta tsotsar itacen. Ganyenta iri biyu ne: garkuwa mai lulluɓe saiwa, da ƙaho mai fitowa waje. A tsakaninsu akwai ido, wani ɗan tudu mai gashi, daga nan kowane sabon ganye ke fitowa. In an kwantar da ita ruwa ya taru a idon kwana biyu zuwa uku, ta tafi. Irin namu na Afirka, elephantotis da stemaria, suna fid da 'ya'ya a gefe, ko uwa ta mutu a cire ɗa. Sarauniya kuwa wandae ce, 'yar tsibirin Niugini, idonta ɗaya tak, ba ta 'ya'ya. Shi ya sa safiyar da za a taɓa idon nan muka tsaya mu huɗu muna kallon juna, ba mai son ya zama yatsansa ne zai nutse. Da aka danna, aka ji tauri.

Da yawa kun rubuto cewa naku ma sun sha ruwa. A sauke ta a jingina a inuwa mai iska, kwana huɗu ko biyar ba ko ɗigo. A danna idon a hankali: tauri rai ne, laushi da baƙi da wari ruɓa ce. In baƙin a gindin garkuwa ya tsaya bai kai ido ba, a ƙona bakin wuƙa a wuta, a bari ta huce, a yanke har a iske nama mai tsabta, a barbaɗa garin gawayi. Amma kada a ɓare garkuwar da ta bushe ta yi ruwan ƙasa. Haka halittarta take, ita ke riƙe danshi da abinci. Ɗaya daga cikin ukun da muka rasa, hannun mai kyakkyawar niyya ne ya ɓare ta tas yana zaton shara ce.

Wajen sake ɗauri, allon iroko mai santimita 40 da 50 ya ishi matsakaiciya, wanda bai ga fenti ko baƙin mai ba. Zaren ɓawon kwakwa shi ne shimfiɗa, sai dai a jiƙa shi kwana uku a ruwan sama ana canjawa kullum, domin kwakwar Badagry a bakin teku ta tashi, gishiri kuwa yana ƙona saiwa. A gauraya shi da gutsattsarin gawayi, kaurin shimfiɗar kada ya wuce santimita 4. Mutane na son tula shi da yawa don tausayi, daga nan ruɓa ke farawa. A ɗaure da zaren kamun kifi ta kan garkuwa, kada zaren ya bi ta kan ido. A rataye sama da mita ɗaya da rabi, a bar ɗan sarari tsakanin allo da bango don iska ta ratsa. Inuwar da take so mai ɗigon haske ce, ranar safe har wajen ƙarfe tara, ba duhun gindin mangwaro ba.

Da damina ba a shayar da ita. In ruwa ya ɗauke a Agusta, ko hunturu ya shigo, a ɗaga allon a ji: in ya yi sakayau a tsoma shi minti 10 zuwa 15, a bari ya tsane kafin a mayar. Ruwan rijiyar burtsatse a yankin Lekki da Ajah yakan zo da gishiri ko tsatsa, gara a tari na sama a duro. Taki sai sabon ganye ya fito, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a kwalba, sau ɗaya a wata. Farin gashin da ke kan ganye ba ƙura ba ce, kada a goge. Dodon koɗi kuma bayan ambaliya da dare yake fitowa, ɗanyar garkuwa yake nema, sai a bi shi da tocila a tsince.

Iya mai abinci da ta ba mu bayan shagonta kwana tara ba ta karɓi ko sisi ba, kafintan da ya yanka alluna bashi, mai keke Marwa da ya yi sawu uku da buhunan ɓawo, da Malam liman da ya sa mu a addu'a, Allah ya biya ku da mafificin alheri, ya tsare ku daga irin wannan dare, ya buɗa muku ta inda ba ku zato. 'Yan uwanmu na Agege da Mile 12, mun san nisa, mun san cunkoson hanya. Waya dai ba ta shiga cunkoso. Allah ya bar zumunci.

Ba za mu sayar da ko ɗaya ba sai kowacce ta fid da sabuwar garkuwa. Wanda tasa ta sha ruwa ya kawo ta ran Asabar da safe mu duba idon tare, a riƙo ta tsaye, kuma kada a yayyafa mata ruwa a hanya.