Sandar saman tarakta: abin da Harry Ferguson ya bar wa manoma

Duk wanda ya tsaya bayan tarakta a fadamar Jiratawa ko a gonakin aya na wajen Gazawa zai ga hannuwa biyu a ƙasa da sanda ɗaya a sama, su ke riƙe da garma. Harry Ferguson ne ya tsara wannan ɗauri mai wuri uku. Ɗan manomi ne da aka haifa a 1884 a arewacin Ayilan, ya rasu a 1960, kuma sunansa ne rabin ƙarshe na Massey Ferguson da ake ta haya a Maraɗi kowace damina.

Kafin shi, jan garma ake yi a baya kamar amalanke. In bakin garma ya ci karo da saiwa ko dutse, sai gaban tarakta ya tashi, wani lokaci ta kife a kan direba. Ferguson ya yi rajistar dabararsa a 1926, ya haɗa kai da Henry Ford, mai kamfanin motocin Ford na Amurka, a 1938 da musafaha kawai ba takarda, aka fitar da tarakta Ford 9N a 1939. Daga 1946 aka shiga ƙera taraktarsa TE20 a garin Coventry na Ingila, aka yi fiye da 500,000 cikin shekara goma.

Dabarar tana cikin sandar sama. Yayin da garma ke huɗa, hannuwan ƙasa suna ja, ita kuma sandar tana tura tarakta, turawar tana danne gabanta. A inda sandar ta shiga jikin tarakta akwai wani sifirin mai kauri. Da garma ta shiga lakka mai tauri, turawar ta ƙaru, sifirin ya matsu, ya taɓa bawul, famfo ya ɗan ɗaga garmar. Nauyinta ya hau tayoyin baya, suka ƙara kama ƙasa. An wuce wurin, ta koma zurfinta da kanta. Abin takaici, direbobi da yawa ba sa barin na'urar ta yi wannan aiki, sun mayar da ita abin ɗagawa da saukewa kawai.

A irin su Massey Ferguson 135 da 375, liba biyu ce, wato sandunan sarrafa ɗagawa, a hannun daman direba. Ɗaya ta nauyin ja, ɗaya ta tsayi. In huɗa za a yi, a kai libar tsayi can sama a bar ta, a nemi zurfi da libar ja. In injin feshi ne ko na watsa taki, wanda ba ya shiga ƙasa, sai a juya: libar ja a sama, a yi aiki da ta tsayi. Mai huɗa da libar tsayi zai ga taya tana juyawa wuri ɗaya a fadama, gazuwal na ƙonewa a banza. A jigawa kuma, inda yashi ba ya gardama, a sa wa garma iyaka. Santimita 10 zuwa 15 ya isa hatsi da gujiya. Wuce haka, iskar farkon damina ce za ta kwashe ƙasar.

Wajen ɗaura garma, a fara da hannun hagu, sannan na dama domin shi ne mai abin murɗawa da ake daidaita shi da ramin, sandar sama a ƙarshe. In an gajarta sandar, gaban garma ya nutse. In an tsawaita, bayanta ya fi ci. Tunda tayar dama cikin kwari take tafiya, sai a murɗa hannun dama har garmar ta kwanta daidai. Sarƙoƙin gefe a bar musu ɗan sako-sako a gona, a ɗaure su in za a hau titi.

Ƙusoshin ɗauri aji-aji ne. Aji na 1, milimita 22 a ƙasa, 19 a sama. Aji na 2, 28 da 25. Sa ƙaramar ƙusa a babban rami, ko guntun rodi da ake lanƙwasawa in ta ɓace, shi ke cinye ramin ya zama kamar ƙwai, garma ta riƙa rawa, sifirin ya kasa jin nauyi daidai.

In hannuwa na yin kamar shaƙuwa, suna sauka suna zabura, a ɗaga garma a kashe inji. Ta sauka cikin ƴan mintoci, ringin fistin ɗin ɗagawa ya ci ko bawul na yoyo. In ɗagawar ce ta yi nauyi, a duba matatar famfo tukuna kafin makaniki ya buɗe komai. Man famfon ɗaya ne da na akwatin giyar tarakta, kuma in ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, a zubar da shi duka.

Ranar da babbar mota ta maƙale a yashin gulbi aka kira tarakta, kada a ɗaura sarƙa a mazaunin sandar sama. Wurin ya fi tsakiyar tayoyin baya tsayi, ja ɗaya zai tayar da gaba. Ƙarfen ja na ƙasa shi ne wurin sarƙa.