Jerin fitilun da kuka gani a saman Birni

Assalamu alaikum ƴan uwana mutanen Damagaram. Ina gaida iyayenmu da malamanmu. Ya sanyi, ya hazo?

Daga Tuluz ta ƙasar Faransa nake rubuto muku. Shekaranjiya ƙanena ya turo mini bidiyo ta WhatsApp, wanda ya ɗauka a tsakar gidanmu a unguwar Birni bayan an fito sallar magariba. Fitilu ne a jere kamar ayarin raƙuma, suna tafe shiru a sararin sama. Ana jin yara na ihu, Inna kuma sai salati take yi, muryarta na rawa. Kafin gari ya waye bidiyon ya kai Zango da Garin Malam. Wani ya ce aljanu ne, wani ya ce jiragen leƙen asiri, wani ma har ya kira tashin duniya. Muryar Inna ce ta hana ni barci.

Abin da kuka gani taurarin ɗan'adam ne na Starlink, masu kai intanet, wanda a Nijar ma ya soma aiki a 2025. Kamfanin SpaceX na Amurka ya fara harba su a watan Mayun 2019, guda 60 a tashi ɗaya. Idan roka ta sake su, sukan yi kwanaki suna bin juna a layi kafin su watse, su haura zuwa nisan ɗaruruwan kilomita. Ba su da fitila ko ɗaya. Rana ta faɗi gare mu a ƙasa, amma can sama tana haska su, kamar yadda kan dutse ke riƙe hasken yamma bayan gindinsa ya yi duhu. Shi ya sa ake ganinsu bayan magariba ko gab da asuba, shi ya sa kuma suke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar sama: inuwar duniya suka shiga.

Zara matar wata ma ta sha ruɗin mutane. In ta yi ƙasa-ƙasa cikin hazo sai ta riƙa rawa tana sauya launi, in kuma ka jawo ta da kyamarar waya sai ta baje kamar faifai. Wannan faifan aikin waya ne.

A nan Tuluz akwai wani ofishi mai suna GEIPAN, a ƙarƙashin hukumar sararin samaniyar Faransa, wanda tun 1977 yake karɓar rahoton abin da Faransawa ke kira OVNI, masu Ingilishi kuma UFO, wato abin da aka gani yana tashi ba a gane shi ba. Abin da ya gagare su bayani bayan cikakken bincike bai wuce kimanin kashi 3 cikin 100 ba. Amma wajen kashi ɗaya cikin uku ajiye shi ake yi, don mai ba da labari bai riƙe lokaci ba, bai san ta wace kusurwa abin ya ɓullo ba. Sojan saman Amurka ma sun tara rahoto 12,618 kafin su rufe bincikensu a 1969, 701 suka rage ba bayani. Masu cewa baƙi ne daga wata duniya da wannan ragowar suke kafa hujja. Ni ban bi su ba. Rashin gane abu bai faɗa maka ko mene ne shi ba.

Sai dai ina da magana da ƴan boko irina. Na ga yadda wasu suka yi wa tsofaffi dariya a ƙarƙashin bidiyon, abin ya sosa mini rai. Inna ba ƙarya ta yi ba, ta ga abin da ta gani. Ranar 3 ga Oktoban 1962 wani abu ya faɗo da ƙara kusa da wani manomi a gonarsa a Zagami, ƙasar Katsina. Da an ce masa mafarki yake, da an yi asara, domin dutse ne mai kilo 18, kuma bincike ya tabbatar daga duniyar Mars ya fito. Ɗan uwansa da aka tsinta a jihar Agadas a 2023, mai sama da kilo 24, an yi gwanjonsa a Niyok ta Amurka a Yulin 2025 kan fiye da dala miliyan 5, sai daga baya hukumominmu suka shiga binciken yadda ya bar ƙasa.

Don haka ga roƙona. In kun sake ganin wani abu, ku duba agogo tukuna. Ku lura ta gabas ya fito ko ta yamma, yana ƙyaftawa ja da kore kamar jirgi ko haskensa a tsaye yake, da ƙara ko babu, minti nawa ya yi. Ku ɗauki bidiyon da hasumiyar masallaci ko kan bishiya a ciki, kada ku jawo hoton. In abu ya faɗo ƙasa, a hana yara taɓawa, a sanar da mai unguwa.

Ƙanena, ka karanta wa Inna wannan a hankali. In jerin ya sake wucewa, ka fito mata da tabarma, ka kira ni mu kalla tare.

Naku,
ɗan Birni a Tuluz