Ga masu taimakon Nima daga nesa

Shekaranjiya na zauna da matasan layinmu da ke bin maganar babban lambatun Nima, unguwarmu da ke Accra a Ghana, na fito zuciyata cike.

Duk wanda ya ga daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobara suka haɗu a Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah da ke Accra, mutum fiye da 150 suka rasu, ya san shara a lambatu maganar rai ce. Yaran nan sun bi gida-gida suna rubuta inda ruwa ke shiga, sun roƙi limamai su faɗa a huɗuba. Iyayenmu mata kuma suka raka su kai takarda ofis, suka yi ta komawa har aka turo motar kwashe shara. Hajiya guda, ƙafa na ciwo, ba ta taɓa fashi ba. Allah ya saka mata.

'Yan uwanmu na Amurka da Jamus, mun gode da shinkafar azumi da rijiyoyin burtsatse, wallahi mun gode. Amma wannan aikin ma yana cin kuɗi: na trotro (motar haya), na buga takardu, da ɗan abin da zai riƙe wanda ya bar ɗinkinsa ya yini a layin ofis. Ba ya fitowa a hoto, shi ya sa ake mantawa da shi.

Asusun Raya Zango ma, wato asusun gwamnatin Ghana na raya unguwannin zango, da aka yi dokarsa a 2017, sai da aka daɗe ana magana da murya ɗaya kafin a same shi.

Asabar mai zuwa bayan la'asar akwai zama. Mai iko ya zo, na nesa ya aiko.