Kafin ka ɗauko mage ko kwikwiyo riƙo, saurara

Ƙannena, ku da kuke tsinto ƴan mage da kwikwiyo a bakin lambatu kuna ajiyewa gida har a samu mai so, Allah ya ba ku lada, mun san hadisin mutumin da ya shayar da kare ruwa aka gafarta mishi. Amma wallahi tausayi kaɗai baya raya su, ni da hannuna na rasa guda uku kafin in gane.

Lokacin hunturu ne na tsinci ƴan mage cikin kwali a bayan gidanmu nan unguwar Zariya, su huɗu, idonsu ma bai buɗe ba, ke nan basu kai kwana 10 ba. Na dama madarar gari irin ta shayi na zuba a murfi na tura musu na tafi abina. Ashe jaririn mage baya iya lasa, da sirinji ake bashi kaɗan kaɗan duk awa 2 zuwa 3 har cikin dare, yana kife kan cikinshi, in ka kwantar da shi rigingine madarar sai ta bi mishi huhu. Madarar saniya kuma zawo take sa su, in babu tasu ta musamman gara nonon jar akuyarmu. Abun da ya fi cina rai, ban san basa iya fitsari da kansu ba, uwar ce ke lasar su, kai kuma sai ka jiƙa auduga da ruwan ɗumi kana shafa musu bayan sun ci. Ga sanyi, na barsu kan siminti. Cikin kwana biyu, biyu daga cikinsu suka mutu.

Ta ukun ta kai wata biyu, na sa mata suna, har cikin takalmina take kwana. Ranar da naga jikinta da zafi sai na ɓantari paracetamol na bata don in taimaka mata. Kafin magariba fuskarta ta kumbura, dasashinta ya canza kala, tana numfashi sama sama a cinyata. Likitan dabbobi yace guba ne ga mage ko ɗan ƙanƙani, hantarsu bata iya narka shi. Don Allah kada ku ba dabba maganin mutane sai likita ya faɗa.

Kare kuma akwai haukan kare. Kwikwiyon da na riƙa ya taɓa cizon ƙanena na ce ai wasa ne, Inna ce ta tada hankali muka je likita, kuma ita ke da gaskiya, don ciwon nan in alamunshi suka bayyana kusan ba'a tashi. Wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a wuce asibiti ranar. Kwikwiyo ya kai wata 3 a mishi allura, sabon zuwa kuma ware shi daga yara da awaki tukun.

Kada ka bada ɗan mage ko kwikwiyo kafin ya kai sati 8, kuma kada ka ba duk wanda ya miƙo hannu don ka gaji. Je ka ga gidan, ka tambayi iyayen ko sun yarda, don yaro zai ce yana so gobe a jefar a bola. Mage ta huɗun tana wurin wani mai shagon hatsi tana mishi maganin ɓera, sau biyu naje kafin in bashi, kuma har yanzu in na bi ta kasuwa ina leƙawa in ga ko akwai ruwa a kwanonta.