Hanyar da mota ba ta bi ita ce hajata

Shagona ƙarami ne. Kekunan haya ashirin da biyu, bencin gyara biyu, yara biyu da suke aiki tare da ni, sai wata tsohuwar akori-kura da muke ɗora kekunan idan za mu kai baƙi bakin hanya. Wanda ya leƙo zai ce hayar keke nake yi, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai keke ko'ina ana samunsa. Abin da yake kawo mutum wurina shi ne in ɗora shi a kan hanyar burji da zai yi awa uku ko huɗu yana murza feda cikin karkara, tsakanin gonaki da tuddai da bakin rafi, ba tare da ya ji kukan inji a bayansa ko sau ɗaya ba.

Mutane suna yawan haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Hanyar tsakuwa daban, hanyar da aka hana mota bi daban. Fararen hanyoyin nan na yankin Tuskani a Italiya, waɗanda taron hawan keke mai suna L'Eroica ya ɗaukaka sunansu tun 1997, na jama'a ne, manomi yana bi da motarsa, mai kai kaya yana bi. Haka na jihar Kansas a Amurka, inda ake tseren da yanzu ake kira Unbound Gravel, wanda aka fara a 2006 da mutum 34 kacal. Motoci ba su da yawa a can, amma akwai su. Ɗan tsere bai damu ba. Amma uban da ya zo da 'yarsa mai shekara tara, mota ɗaya a awa guda ta isa ta hana shi sakin jiki, tunda bai san ta wace kwana za ta ɓullo ba. Irin wannan uban nake yi wa aiki.

Babu abin da ya kai tsohon layin dogo daɗi ga mai sana'a irin tawa. Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, ba ta da riƙo, shi ya sa waɗanda suka shimfiɗa layukan suka fasa tudu, suka cike kwari, suka gina gadoji, don kada hawan ya wuce mita ɗaya ko biyu a cikin kowace mita ɗari. Da aka cire ƙarafan aka zuba dakakken dutse, sai aka samu hanyar da tsoho da yaro za su iya bi, ga ta kuma ta ratsa wuraren da titi bai taɓa zuwa ba. A Ingila an rufe layuka da yawa a shekarun 1960, ɗaya daga cikinsu ya koma Tissington Trail mai tsawon mil 13, wanda aka buɗe wa masu ƙafa da masu keke a 1971. Sifaniya ta fara shirinta na Vías Verdes, mai mayar da tsofaffin layukan dogo hanyoyin keke da ƙafa, a 1993. A jihar Mizuri ta Amurka akwai Katy Trail, kusan mil 240, yawancinta a gefen kogi. A Niyuzilan akwai ta Otago, kimanin kilomita 150, da aka buɗe a 2000. Duk lokacin da na karanta labarin waɗannan sai in ji ƙwarin gwiwa, domin ƙananan garuruwan da jirgi ya daina tsayawa a cikinsu keke ne ya dawo musu da baƙi.

Tawa tsohuwar hanyar jirgin ba ta da tsawo haka. Sauran sai na haɗa: hanyar gandun daji mai shingen ƙarfe a bakinta, gaɓar magudanar ruwa, hanyar gona da mai ita ya ba ni izini. A wurin haɗin nan sana'ar take, kamar ɗinki, kuma a nan na taɓa yin kuskuren da har yau yake damuna.

A shekarata ta biyu na zana wata hanya a kan taswira. Tsakanin ƙarshen gandun daji da farkon layin dogon akwai ɗan guntun kwalta, bai kai kilomita biyu ba. Na bi shi sau uku ban gamu da kowa ba, sai na rubuta a takardar da nake ba baƙi cewa babu mota. Ashe ban bi shi lokacin girbi ba. Wani mutum ya fita da matarsa da 'ya'yansu biyu, manyan motocin ɗaukar amfanin gona suka riƙa wuce su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ji rauni, amma da suka dawo ƙaramin yaron yana kuka, uwar ta kasa ko kallona. Mutumin bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, “Malam, ka ce mana babu mota.” Na mayar masa da kuɗinsa, na cire hanyar a ranar. Sai da na yi wata huɗu ina zirga-zirga wurin wani manomi kafin ya yarda mu ratsa ta gefen gonarsa, da sharaɗin ni zan riƙa gyara ƙofar shingen. Tun daga nan, idan akwai ko taku ɗari na titi a hanya, sai na rubuta shi da jan biro, na kuma faɗa da baki.

Shi ya sa ranar Litinin ba ma ba da haya. Ni da yaran muna rarrabuwa, kowa ya ɗauki hanya ɗaya ya bi ta daga farko har ƙarshe. Hanyar burji ba ta zama yadda ka bar ta. Ruwan dare ɗaya yana iya yanka rami a gangare, ya tara yashi a kwana, ya toshe kwalbati har ruwa ya kwanta a inda jiya yake busasshe. Idan an zuba sabuwar tsakuwa ba a daddanne ta ba, ƙafar gaba nutsewa take yi, keken ya riƙa lilo. Inda motar masu aikin daji take taka birki kuma, sai ƙasa ta yi ƙananan kunyoyi irin na gona a jere, mai gigita hannu har ya yi sanyi. Muna ɗauke da ƙaramin zarto saboda rassan da suka faɗo, da littafin da muke rubuta duk abin da muka gani. Taswirar waya tana da amfani, amma ba ta san bishiya ta faɗi jiya ba.

A wajen kekuna, abin da na fi faɗa da baƙi a kansa shi ne iska. Kusan kowa yana zuwa da tunanin taya mai tauri ita ce mai gudu. Zai matsa ta da babban yatsa, ya ji ta ɗan lotsa, ya ce a ƙara. A kan kwalta mai santsi yana da ɗan gaskiya. A kan tsakuwa kuwa taya mai tauri tsalle take yi a kan kowane dutse, ƙarfin mai tuƙi ya tafi a girgiza, ga zamewa a kwana. Tayoyinmu faɗinsu milimita 40 zuwa 45 ne, kuma ga mutum matsakaici iskar da nake sawa ba ta wuce 30 zuwa 35 a ma'aunin famfo, ta gaba ta fi ta baya laushi kaɗan tunda nauyi a baya yake. Nakan tambayi mutum nauyinsa kafin in taɓa famfo. Ba ma sa musu tif. Wani ruwa mai kama da madara muke zubawa a ciki, idan ƙaya ta huda sai ya fesa kaɗan ya toshe ramin da kansa, sau da yawa mai tuƙin bai ma sani ba. Amma yana bushewa cikin 'yan watanni, don haka kowane keke yana da kati a maƙale da ranar da aka zuba masa.

Ƙura da taɓo su ne suke cin ribar. Ƙura ta haɗu da man sarƙa ta zama kamar sanfefa, tana cin sarƙar da haƙoran giya. Ranar ruwa kuma, yashi yana iya cinye takalmin birki a fita ɗaya. Duk keken da ya dawo sai an wanke, an goge sarƙa, an duba birki da gare kafin a rataye shi, ko da dare ya yi. Ƙaramin yarona ya taɓa cewa, “Maigida, wannan ai bai yi datti ba.” Na ba shi farin tsumma na ce ya ja sarƙar a ciki. Ya ga baƙin da ya fito, bai sake tambaya ba.

Akwai kuma mutanen da hanyar ta ratsa ta wurinsu, waɗanda suka riga mu zama a nan. Kafin kowa ya hau, nakan faɗa masa abu uku: ƙofar shinge a bar ta yadda aka same ta, a rage gudu a yi magana idan an hango mai ƙafa ko mai doki, kada a ratsa tsakanin saniya da ɗanta. Izinin da na yi wata huɗu ina nema, baƙo ɗaya mai garaje zai iya ɓatar min da shi cikin minti ɗaya.

Makon jiya wata dattijuwa ta zo da jikarta. Ta ce rabonta da keke ya fi shekara ashirin, tun ranar da wata mota ta goge ta a titi. Na rage mata tsawon sirdi yadda ƙafarta za ta taɓa ƙasa, na ɗaure mata hular kwano, na ce, “Mama, zan bi bayanki har gada.” Rabin awar farko duk bayan ɗan lokaci sai ta waiwaya, kafaɗunta a ɗage, yatsunta a kan birki. Ban ce mata komai ba. Muka shiga inda aka fasa tudu, dutse dama da hagu, babu abin da ake ji sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya. Da muka fito fili, kwarin ya buɗe a gabanmu, na lura ta daina waiwaye. A kan gadar ta sa ƙafa ƙasa, ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta ce in koma shago abina, ita da yarinyar za su ƙarasa. Sun dawo bayan awa uku, ƙura har gira. Ta tambaye ni ko hanyar gandun dajin ta fi wannan wuya. Na ce akwai hawa ɗaya mai tsawo, amma ana iya sauka a tura. Ta ce in rubuta sunanta ranar Asabar.