Tafiya zuwa Dutsen Pendle, ƙasar mutum 10 da aka rataye kan zargin maita

Daga Manchesta zuwa ƙauyukan Pendle, a gundumar Lankasha ta arewa maso yammacin Ingila, babu wani nisa. Tun a tasha mutum zai gane abin da yankin ke tinƙaho da shi, don bas ɗin da ke zuwa Burnley hoton mayya ne a jikinsa, tana haye da tsintsiya. A Burnley wani yayana na zumunci, mutumin Gusau da ya daɗe yana aikin jinya a can, ya ɗauke ni a motarsa. Muka tsaya sallar azahar a Nelson, tsohon garin masaƙun auduga da yanzu ya cika da 'yan asalin Pakistan da masallatansu. Daga nan hanya ta tsuke, ta dinga murɗewa tsakanin katangun dutse da aka jera ba siminti, ko'ina ka duba tumaki ne da ciyawa shar.

Dutsen kansa tsayinsa mita 557 ne. Doguwar ƙasa ce mai kama da doron raƙumi a kwance, babu bishiya a samansa. Daga ƙauyen Barley muka kama matakalar dutse da ta miƙe tsaye, ga yayyafi ga iska mai ratsa riga. A can sama ne George Fox, wanda ya kafa ɗariƙar Kiristocin nan da ake kira Quaker, ya ce ya ga wahayi a shekarar 1652. Amma ba don shi mutane ke tururuwa ba. Kowace shekara, a daren 31 ga Oktoba, jama'a kan hau dutsen da tocila suna neman fatalwar mayun Pendle, kuma a 2004 wani shirin talabijin na masu farautar fatalwa ya yi watsa kai tsaye daga yankin, abin da ya ƙara wa wurin suna. Wasu na cewa an shaƙe musu wuya a cikin duhu, wasu sun ga baƙin kare ya ɓace a hazo. Mu dai hazo muka gani, da tafkunan ruwa a ƙasa idan ya ɗan yaye.

Akwai abin da ya fi waɗannan labarai tabbas. A ƙarshen 2011 ma'aikatan ruwa suna tono kusa da Barley suka ci karo da wani tsohon gida na ƙarni na 17 da ƙasa ta binne, kuma a cikin bangonsa aka sami ƙasusuwan kyanwa da aka gine a ciki. Mutanen da kan yi haka ne don kare gida daga sammu. Tsoron da ya sa mutum ya gine kyanwa a bango shi ne tsoron da ya kashe mutanen da na zo bin sawunsu.

Abin ya faro ne a watan Maris na 1612. Wata budurwa matalauciya, Alizon Device, ta haɗu da wani ɗan koli mai suna John Law a hanyar Colne, ta nemi ya ba ta fil. Ya ƙi kwance kayansa, ta yi masa baki. Bai yi nisa ba ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya mutu, magana ta sarƙe. Ina karanta wa yayana wannan a mota ya ce, "Ƙanena, ai wannan shanyewar ɓarin jiki ne. Kusan kullum sai an kawo mana irinsa asibiti." Amma ita yarinyar da kanta ta yarda cewa bakinta ne ya kama shi. Ta amsa laifi, ta roƙi gafara, ta ce wani baƙin kare ne ya yi mata aikin. Wannan ya fi komai taɓa ni a labarin: tun tana ƙarama ake gaya mata gidansu gidan maita ne, har ta gaskata.

Kakarta, tsohuwar da ake wa laƙabi da Demdike, makauniya ce mai kusan shekara 80, da bara da ba da maganin mutane da na shanu take ci. Akwai wata tsohuwar mai irin sana'arta, Chattox, kuma tsakanin gidajen biyu gaba ce ta shekara da shekaru. Da alƙalin yankin, Roger Nowell, ya fara tambaya, kowane gida ya shiga tona wa ɗayan asiri, har da abin da bai faru ba. Lokacin kuwa ba na wasa ba ne. Sarki James na Ɗaya ya rubuta littafi sukutum kan mayu a 1597, an tsananta dokar maita a 1604, a 1605 kuma aka bankaɗo makircin tayar da majalisar dokoki da albarushi. Hukuma na kallon Lankasha a matsayin maɓoyar 'yan Katolika masu taurin kai. Alƙalin da ke son sarki ya san da zamansa ya samu abin da yake nema.

Ranar Jumma'ar da ta zo kafin bikin Ista na Kiristoci, 10 ga Afrilu, dangi da maƙwabta suka taru a gidan Demdike, wanda ake kira Malkin Tower, suka ci naman tunkiyar da jikanta James ya sato. Da labari ya kai kunnen Nowell, taron ya zama taron mayu masu shirin fasa gidan yarin Lancaster. Aka bi waɗanda suka halarta ɗaya bayan ɗaya.

Mun sauka Newchurch da yamma. Ƙaramin ƙauye ne a gangare, da wani kanti da ke sayar da 'yan tsanar mayu masu dogon hanci, har da manya guda uku a ƙofa ana ɗaukar hoto da su. Ban ji daɗin ganinsu ba, kuma ban shiga ba. A hasumiyar cocin ƙauyen akwai wani sassaƙe mai siffar ido, wanda ake cewa an yi shi ne don kore sharri. A maƙabartar cocin aka zargi Chattox da tono ƙoƙunan kai da haƙoran matattu. Kusa da ƙofa akwai kabarin dangin Nutter da aka sassaƙa wa ƙoƙon kai, masu yawon buɗe ido na kiransa kabarin mayya, alhali wanda aka rataye kan maita ba a binne shi a harabar coci.

Ita Alice Nutter, ɗaya daga cikin waɗanda aka zarga, daban take da sauran. Matar gidan rufin asiri ce daga Roughlee, mai gona da dukiya, kuma har ta mutu ba ta amsa laifi ba. Masana da yawa na ganin 'yar Katolika ce da ta fito ibada a ɓoye ranar, ta gwammace ta yi shiru da ta tona 'yan uwanta. A 2012, da abin ya cika shekara 400, aka kafa mutum-mutuminta na ƙarfe a bakin hanyar Roughlee. Na tsaya dab da shi. Doguwar riga, kai a ɗan sunkuye, mari a hannuwa biyu, kuma wani ya saƙala mata furanni a cikin sarƙar. A duk yankin, a nan kaɗai na ga an nuna ɗaya daga cikinsu a matsayin mutum.

A hanyar komawa yayana ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ka san a ƙauyenmu na ga irin wannan da idona. Yaro na zazzaɓi mai zafi yana sambatu, ya ambaci sunan wata tsohuwa, shi ke nan an ce ta kama masa kurwa. Aka jawo ta a gaban jama'a aka ce sai ta tsallake shi. Daga ranar ko ruwan randarta ba a sake sha ba." Na san irin labarin, duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san shi. Kuma kusan kullum wadda ake nunawa tsohuwa ce, matalauciya, marar mai tsaya mata.

Washegari muka nufi Lancaster. Waɗanda aka kama an kai su can ne ta cikin tsaunuka, kuma yau akwai hanyar ƙafa mai mil 51 daga Barrowford da aka shata don tunawa da tafiyar tasu. Gidan sarautar Lancaster ginin dutse ne mai kauri a kan tudu, wanda ya ci gaba da zama gidan yari har 2011. A kurkukun ƙarƙashin wata hasumiyarsa aka tsare su wata huɗu cikin duhu da danshi, a nan Demdike ta mutu kafin a zauna shari'a.

An yi shari'ar ranakun 18 da 19 ga Agusta. Babbar mai shaida ita ce Jennet Device, ƙanwar Alizon, 'yar shekara 9. Da aka shigo da ita uwarta ta fasa kuka tana yi mata tsawa, aka fitar da uwar, aka ɗora yarinyar a kan tebur don kowa ya gan ta. Ta ba da shaida a kan uwarta da yayanta James, ta nuna waɗanda suka zo cin tunkiya. Cikin mutum 12 da aka zarga, ɗaya ta mutu a tsare, an sallami ɗaya, an rataye 10: ɗaya a York, 9 a Lancaster ranar 20 ga Agusta. Abin da ya ƙara min ɓacin rai shi ne, a wannan zaman kotun, alƙali Edward Bromley ya sallami wasu mata uku daga Samlesbury bayan ya gano cewa yarinyar da ta zarge su, 'yar shekara 14, koya mata abin faɗa aka yi. Ashe ya san ana iya sa yaro ƙarya. Matan Pendle ne bai ga dalilin yi wa wannan binciken ba.

Bayan shekara 22, a 1634, wani yaro ɗan shekara 10 a wannan yanki na Pendle, Edmund Robinson, ya zargi mutane da dama da maita. Cikinsu akwai wata mai suna Jennet Device, wadda masana tarihi da yawa ke ganin ita ce yarinyar kan tebur. Wannan karon an kai maganar har Landan, yaron ya amsa cewa ƙirƙira ya yi, ba a rataye kowa ba. Duk da haka takardun gidan yarin Lancaster na 1636 sun nuna har lokacin tana tsare.